Layuka Ashirin da Yatsa Ɗaya

Ka ce ba ka ga amfanin shirya wa littafin aikinka na kwamfuta abin da zai fara yi da kansa ba, tunda hannunka lafiya lau, ka iya bugawa kullum. To, zauna in ba ka misali.

A wani ofishin binciken noma an yi wani dattijo mai lissafin ruwan sama. Ƙauyuka arba'in ke aiko masa da awon ruwan da ya sauka, shi kuma ya tattara, ya faɗa wa malaman gona inda ƙasa ta jiƙu har a iya shuka. A kwamfuta yake aikin, cikin irin littafin nan da kake rubuta umarni ka ga amsarsa nan take a ƙasa. Kowace safiya sai ya buga layuka ashirin kafin ya soma komai: na jawo kayan lissafi, na buɗe fayilolin ƙauyuka, na daidaita kwanan wata. Shekara da shekaru yana yi, har yatsunsa suka haddace. Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Bayan wata huɗu ya dawo aiki, hannun dama ba ya motsi, da yatsa ɗaya na hagu yake lalube. Layukan da yake gamawa kafin shayinsa ya huce, yanzu sai hantsi ya dubi ludayi bai kai ƙarshensu ba, kuma in ya kuskure harafi ɗaya komai ya tsaya. Ga damina ta ƙarato. Shugaban ofis ya fara zancen a sallame shi ya je gida ya huta.

A teburin da ke kusa da nasa akwai wata ma'aikaciya, wadda shi ya koya mata aikin tun zuwanta. Ta nemi ta riƙa buga masa layukan, ya ƙi, ya ce bai kai lokacin da za a yi masa aikinsa ba. Ta san halinsa, ba ta sake tayar da maganar ba. Ran nan da ya tafi sallar azahar, sai ta zauna a kujerarsa. Akwai wata folda, wato ma'ajiyar fayiloli, da littafin ke leƙawa duk lokacin da aka buɗe shi, abin da ya tarar a ciki shi yake fara aiwatarwa. Ta tattara layukan nan ashirin a fayil guda, ta ajiye a can, ta gwada sau biyu, ta mayar da kujerar yadda ya bar ta. Washegari dattijo ya buɗe littafinsa, ya ɗaga yatsa zai fara, sai ya ga sunayen ƙauyukan nan arba'in sun riga sun jeru a gabansa. Ya daɗe yana duban su. Ya waiwayo, ita kuwa ta sunkuyar da kai cikin takardu. Sai ya shiga aikinsa.

Bayan mako biyu, ya sake fita sallah, ta buɗe fayil ɗin don ta ƙara wani sabon ƙauye, sai ta tarar da layin gyara da ba ita ta rubuta ba. A samansa an bar mata saƙo, wasu haruffan an buga su ba daidai ba: "'Yata, ranar da ba a auna ba daban, ranar da ba a yi ruwa ba daban. Mai awon gefen kogi matarsa ta haihu, kwana tara bai leƙa kwalbar awon ba." Ashe wajen sauri ta sa duk ranar da aka bari babu rubutu a lissafa ta a matsayin ranar da ba a yi ruwa ba. Ta duba, ta ga da an tafi a haka, da an ce wa ƙauyuka uku na gefen kogin su dakata da shuka alhali ƙasarsu ta sha ruwa. Kuma kuskuren nan yana cikin nata aikin tun bara, ba ta sani ba. Da ya dawo ta miƙe, idonta ya ciko, ta ce, "Baba, ashe ka sani." Ya zauna a hankali, ya ce, "Tun ranar farko. Hannu ne ya gaza, ido yana nan."

Rahoton damina ya fita a kan kari, mutanen gefen kogi suka yi shuka da wuri, zancen sallama kuwa ba a sake jin sa ba. Da ita kaɗai ce, da gero ya makara. Da shi kaɗai ne, da yana gida zaune a tabarma. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.