Ruwan Lagireto

A Kwanar Dangora motar Malam Alasan ta sake ɗaukar zafi. Ya fito yana sababi, shi da ko inda ake buɗe bonet bai sani ba.

"Tunda na saye ta ban taɓa zuba mata ɗigon ruwa ba! Yanzu ta tsiro da iskanci."

Sharif bakanike ya leƙa ƙarƙashin lagireto, ya shafo tsatsa.

"Baba, ai yoyon nan ya yi shekara da shekaru. Akwai dai mai cika mata ruwa kullum."

Malam Alasan ya buɗe baki zai musa, sai ya tuna. Kowace safiya matarsa Badiyya kan karɓi makullin motar, wai za ta goge masa kujera, shi kuwa yana yi mata tsiyar kinibibi.

Watan jiya aka binne ta.