Rigar Tafiya Fatakwal

Safara'u ta san lambar rigar Hafizu ba sai ta auna ba, domin tun mijinta na da rai a shagonsu na Jabi yake sayen kayan ofis. Amma yau da ya tsaya gaban madubi cikin farar shat, sai ta ga kafaɗa ta zubo, wuyan ma ya yi masa yawa.

"Ka rame, Malam Hafizu. Gwada ta ƙasa da ita. Idan ka ɓalla maɓallin wuya, yatsa biyu kawai ya kamata su shiga."

Bai karɓi rigar da ta miƙo ba.

"An mayar da ni Fatakwal," ya ce a hankali. "Ba na son tafiya ni kaɗai, Safara'u. Aurenki nake nema."

Ta daɗe da sanin maganar na tafe, ta kuma daɗe tana tsoron ranar. Ta sunkuyar da kai tana ninke hannun rigar tana warwarewa.

"Ka san Inna, mahaifiyar marigayi, tana wurina. Shi kaɗai ta haifa. Idan na tafi, wa zai kula da ita?"

"Ban ce ki bar ta ba. Da ita za mu tafi."

Ta ɗago ta dube shi, ƙwalla ta cika idonta.

"Har yau idan na shigo gida, ɗanta take gani. Bari in gaya mata da bakina. Idan ta sa albarka, ka turo manyanka. Idan ta yi kuka, ka yi haƙuri da ni."

Hafizu ya gyaɗa kai.

"Ki gaishe min da ita."