Toshin Fannami

Da ludayi Fannami yake kwashe ƙwan, ba da hannu ba. Marigayiya matarsa ce ta koya masa: zabuwa in ta ji warin hannun mutum, ta bar gurbin ke nan. Sai ya rage biyu a ciki, ya sulale daga ciyawar fadama.

Tun kafin Nasara su san hanyar Haɗeja aka yi wannan. Fannami masunci ne, gwauro, ga rowar tsiya. Zinariya, bazawarar da ke maƙwabtaka da shi, ita ta hana shi sukuni. Aurenta yake so, toshi ne ke masa ciwo.

Wata rana da damina, yana dawowa daga kogi, ya hangi zabbin Zinariya masu jan zare a ƙafa suna sintiri a bakin wani surƙuƙi, suna ta ƙaraji. Ya leƙa, sai ga gurbi maƙil da ƙwai. Shi ke nan, toshi ya samu.

Ya kai mata cikin ƙwarya. "Na zabbin daji ne," in ji shi. "Can ƙetaren kogi na samo."

Ta juya ɗaya a tafin hannu, ta dube shi. "Sannu da wahala, Malam. Allah Ya ƙaro."

Ya kuwa yi ta ƙarowa. Duk abin da ya kawo, sai ta zuba wa kajinta su kwanta a kai. Shi kuma in ya koma gida, dariya har da riƙe ciki: yana neman mace da kayanta, tana yi masa godiya.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai, zabbin da matarsa ta bar masa. Su fice da sassafe, su dawo da yamma su cinye masa gero, ƙwai ko na rantsuwa babu. Ya fusata, ya bi su ɗai-ɗai da wuƙa, ya sha romo. Ba a jima ba gurbin fadama ya ƙafe. Ya ce damina ce ta ja baya.

Da kaka ya sa rigarsa ta Sallah, ya yi sallama gidan Zinariya. Tsakar gida ba wurin sa ƙafa, 'yan zabbi ko'ina. Ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Malam," ta ce, "wanda ya yanka masu yi masa ƙwai, ni ina zan kai wuyana gidansa?"

"Ai juyoyi ne, ba sa ƙwai. Da irin naki ne masu albarka, wa zai yanka?"

Zinariya ta watsa wa garken tsaba, ta karkaɗe hannu.

"Nawa? Ai nawa duk maza ne, Malam. Matan gidanka suke rakawa fadama."