Kara Ɗaya a Bakin Daji

Kara ɗaya kacal ya yi niyyar sha. Shi ya sa ya tuƙo mota har bakin daji, inda babu maƙwabci balle ɗan kai rahoto.

Tun ranar da likita ya duba ƙirjinsa ya girgiza kai, matarsa ta sa shi ya rantse ya bar taba. Ita ma ta yi nata alkawarin: duk ranar da ta sake kama shi, gaban mahaifiyarsa za ta kai shi, da furfurarsa da komai. Shi kuwa babu abin da yake tsoro a duniya kamar bakin tsohuwar nan. Yau dai matar tana wurin aiki, sai yamma.

Ya yi 'yan zuƙe-zuƙensa ke nan, iska ta fizge karan ta jefa cikin busasshiyar ciyawa. Kafin ka ce kwabo wuta ta tashi. Bai ruɗe ba. Ya duba inda iska ta dosa, ya sha gaban wutar, ya bi ta da ɗanyen ganye da ƙasa har ta mutu murus.

Sai a lokacin ya ji ƙugi a sama.

Jirgin nan ne marar matuƙi, mai shinshino zafi. Ya san halinsa sarai. A da, kafin 'yan kwana-kwana su samu 'yan sanda a waya, su kuma su taso motar asibiti, mai laifi ya isa gida har ya yi wanka. Yanzu hoto ɗaya ke faɗawa allon kowa lokaci guda, ɗakin kula da kiran gaggawa ya raba musu hanya. Ya tsine wa wanda ya nace sai an sayo wannan jaraba, sannan ya tuna, ya janye tsinuwar.

Wayarsa ta hau ruri a aljihu, ya ƙi ɗagawa. Ya ja hula ya rufe fuska, ya faɗa mota. 'Yan sanda sun tare gaba. Ya karya kwana, ga motar asibiti ta gindaya. Ta baya kuma jar mota ce tafe da jiniya. Ko a atisaye ba su taɓa haɗa kai haka ba. Haushi ya kama shi, da ɗan alfahari.

Wani ɗan kwana-kwana ya diro da mesar ruwa, ya leƙa taga, ya ƙame ya sara.

"Ranka ya daɗe, Kwamanda! Ashe ka riga mu isowa, har ka kashe ta!"

"Aikinmu ke nan," in ji shi, yana tura kwalin taba ƙarƙashin kujera da dunduniya.

Yana cikin sauke ajiyar zuciya, rediyon motocin uku suka buɗe tare, muryar mai kula da allo ta fito tar.

"Aiki ya yi kyau, jama'a. A gaya wa maigidana tun zuƙar farko nake kallonsa, ga kuma Mama a kan layi."