Gwaji na Uku

Karo na biyu ke nan takardar gwaji ta dawo da jan biro: naman shagon Babbar Yaya na ɗauke da ƙwayoyin cuta. Jami'in lafiya ko zama bai yi ba.

"Saura gwaji ɗaya," ya ce. "In kika faɗi, kwaɗo zan garƙama wa ƙofar nan."

Shekara talatin Baba yana sayar da naman dabbobin da ba su san allura ko sinadari ba, ba a taɓa kawo ƙarar ko murɗar ciki ba. Wata biyu da suka wuce shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta tafi da maganarsa. Shago ya faɗo hannun babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, mai tsabtar da ƙannenta ke cewa sabulu ma sai ta wanke shi kafin ta taɓa. Ranar farko ta ƙalƙale wurin tas, lungu da saƙo.

Sinadari ba ya shiga wannan sana'ar, don haka ta bi abin da ƙasa ke fitarwa. Tafarnuwa, kanumfari, citta, lemun tsami, har tafin hannunta ya saɓule. Nama ya yi ƙamshi, ƙwayoyi ko gezau. Tsoro ya hana ta cin abinci, ta rame, ta fara yi wa kowa tsawa.

Ta durƙusa gaban gadon Baba. "Don girman Allah, Baba, me kake sakawa?"

Tsoho ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana juya shi a iska, hawaye na gangara cikin kunnensa.

"Shayi yake so a dama masa," in ji Umma. "Ki ƙyale shi ya huta."

A ƙasan firiza ta tsinci yankan nama na ƙarshe da Baba ya gyara da kansa. Ta ruga da shi wurin mai ɗakin gwaji. Kwana uku tana jira, sannan ta koma karɓar sakamako.

Matar ta tarbe ta da fara'a. "Albishirinki! Wannan ma cike yake da ƙwayoyi, amma na kirki, irin masu sa madara ta yi tsami. Su ke hana miyagun sakat. Babanki ba magani yake sakawa ba, kiwo yake yi. Dole akwai ruwan da yake tsoma naman ciki, wanda yake raino shekara da shekaru. Kawo min ko cokali ɗaya, shagonku ya tsira."

Babbar Yaya ta dafe bango. Lokacin da ta karɓi shagon akwai wani tsohon bokiti a bayan ƙofa, mai ruwa gurɓatacce da warin tsami. Da hannunta ta tuttular da shi a magudana ranar farko, ta ƙona bokitin, sannan ta je da murnarta ta gaya wa Baba.