Katin Maginiyar Tukwane

Ajiye biron nan, Malama Asabe, ki ba ni kunnenki. Tun safe nake kallon ki, kati ashirin kin buga wa lambar maleriya, rabinsu ko rubutun likita ba ki karanta ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba faɗa zan yi ba, misali zan ba ki.

A wani asibitin ƙauye an yi wani ma'ajin katuna, irin aikin nan namu: likita ya rubuta ciwo, shi kuma ya nemo lambar ciwon a littafi ya sa a kati. Mutumin akwai nawa, har abokan aiki suka sa masa suna Hawainiya. Al'adar wurin kuwa, da damina ta sauka, duk wanda ya zo jiki da zafi lambar maleriya ake danƙara masa, a wuce wurin. Rannan aka kawo wata maginiyar tukwane, gaɓoɓinta kamar ana sara, bayan idanunta na ciwo. Gidanta cike yake da tukwane a jere, ruwan sama na kwana a ciki, sauron nan mai ɗigon fari a ƙafa da ke cizo da rana yana ta ƙyanƙyasa. Aka gwada maleriya, babu. Likita yana sauri, ya rubuta "zazzaɓi" kawai, ya turo kati. Hawainiya ya juya katin gaba da baya, ya tashi, ya bar layi na jira, ya je ya tsaya a bakin ƙofar likita. Masu jira suna tsaki, shi ko a jikinsa. Da aka ba shi dama ya ce, "Likita, zazzaɓin me zan sa? Gwajin ya ce ba maleriya ba ce." Likita ya harare shi, sannan ya ce yana zargin dengi ne, wani zazzaɓin da shi ma sauro ke kawowa amma ƙwayarsa daban, kuma ya aika jini birni. Sai ma'ajin ya rubuta "ana zargi" da fensir, ya ware katin a aljihun teburinsa na sama.

Sakamako bai iso ba sai bayan kwana tara. Lokacin matar ta warke, ta koma kan yumɓunta, ba mai tunawa da ita. Takardar ma a ƙarƙashin wani tulin fayil ya tsinto ta. Dengi ne. Ya goge fensirin, ya sa lambar da biro, ya manna takardar a bayan katin, ya mayar da shi layinsa. Ba wanda ya ce masa sannu, shi ma bai nema ba.

Damina biyu suka wuce. An yi wa likitan nan canjin wurin aiki, an kawo wata sabuwa. Sai ga maginiya kuma, mijinta ya ɗauko ta a bayan babur, jiki rau da zafi. Likita ta tambaye ta ko ta taɓa irin wannan, ta ce, "Maleriya ce, likita, bara waccan ma ita na yi." Ba ƙarya ta shirya ba, haka kowa ke kiran zazzaɓi a garin. Likita har ta fara rubuta maganin ciwon jiki mai ƙarfi za ta sallame ta, sai idonta ya faɗa kan lambar da ke tsohon katin matar. Ta juya katin, ta ga takardar birni. To, shi dengi halinsa ke nan: kamu na biyu yakan fi na farko muni, yana iya sa jini ya ɓalle, wancan maganin kuwa ƙara tsinka jinin yake yi. Ta soke abin da ta rubuta, ta ce a ba ta gado. Mijin ya so ya yi gardama, ga noma ya kama, ga gida ba kowa, likita ta ƙi. Ran kwana na huɗu zafin ya sauka, ana cewa an samu sauƙi, sai jini ya fara fitowa daga dasashinta. Da a gida ne, kafin a samo babur a ratsa laka, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Amma tana kan gado, ƙarin ruwa na hannunta, likita na kanta. Bayan mako guda ta fita da ƙafafunta.

Da ta murmure sai ta gina randa mai kyau ta kawo wa likita tukuici, har da murfinta, don an gaya mata inda sauron ke fitowa. Ba ta san akwai wani mutum a ɗakin katuna ba, kuma har yau ba ta sani ba. Aka girka randar a baranda. Kullum bayan azahar Hawainiya yakan fito, ya buɗe, ya sha moɗa ɗaya mai sanyi, ya rufe da kyau, ya koma kan katunansa yana jin daɗin ransa. Wallahi ban taɓa ganin wanda ruwa ke yi wa daɗi kamarsa ba.

Saboda haka kwaso katunan nan ashirin, mu sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ki gane ba, ga ƙofar likita can, harara ba ta kisa. Zafin jikin ɗaya ne, sauron ma duk sauro ne, amma Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.