Bayan Kwanukan Tabawa

Tun da damina ta daina ƙarewa, doka ta ce duk ɗakin da fumfuna ta kama, rufe shi za a yi. Ɗaki ɗaya ya rage wa tsohuwa Tabawa. Ta gaji da kankare bango, sai ta jera kwanukan aurenta har sama, suka rufe baƙin tabon.

Duba-garin da ta zo, sa'ar jikarta, ko kallon jeren ba ta yi ba.

"Inna, mun daina duba bango," in ji ta a gajiye, tana ɗora mata na'ura a ƙirji. "Ja numfashi."

Tabawa ta ja. Tarin da take dannewa tun safe ya ƙwace mata, har kwanukan suka amsa.